Wutar Daji A Kudancin Kano: Tsakanin Jirgin Sama Da Fartanya

Daga ƙarshen watan Nuwamba, idan an gama yankan dawa an ɗaure dammuna, iskar hunturu kuma ta fara kaɗawa daga arewa maso gabas, ƙasar Rano da Kibiya takan shiga wasu watanni da kusan komai na cikinta ya zama makamashi. Ciyawa ta bushe ƙamas, kara na jingine a gonaki, harawar wake da ta gyaɗa na kan rassan bishiyoyi, shinkafar da ba a kai ga sussukewa ba tana tare a gefen fadama. Duk wanda ya bi hanyar Saji ko ta Rurum da daddare a wannan lokaci zai iya hango jan layi a can nesa yana tafiya a hankali, ko kuma ya wayi gari ya tarar da baƙin fili inda jiya ake ganin gamba. Galibin irin wannan wuta ba ta shiga labaran rediyo. Sai ta haɗa da rumbu, ko ta cinye amfanin gonar mutum na shekara guda, ko ta rutsa da garke, sannan a ji ta, a jajanta, a wuce.

A 'yan shekarun nan kuma wayar hannu ta kawo wa mutanen karkara wani hoto da ba su saba gani ba: jirgin sama ruwan ɗorawa yana shafar fuskar teku, ya cika cikinsa, ya tashi ya je ya juye a kan dajin da ke ci. An gan shi a Girka, an gan shi a birnin Los Angeles na Amurka a Janairun 2025. Mai hankali ba zai rasa yin tambaya ba. Ga madatsar ruwan Tiga a ƙofar gida, ga dajin Falgore a bayanta, ga gobarar kasuwannin Kano da ta ƙi ƙarewa. Me zai hana gwamnati ta sayi ko da guda ɗaya?

Tambayar tana da kyau, kuma ta cancanci amsa mai hujja. Amsar ita ce, irin wutar da ke cin Saji da maƙwabtanta wuta ce da ake cin galabarta a ƙasa, tun kafin ta tashi, da hannun mutanen da ke zaune a wurin. Jirgi yana da ranarsa, amma idan aka fara da shi an fara gini daga rufi.

Abin da jirgin ke yi

Jirgin da aka fi sani a wannan aiki shi ne Canadair, ƙirar ƙasar Kanada. Samfurinsa na farko, CL-215, ya fara tashi a 1967, sai wanda ya gaje shi, CL-415, a 1993. An ƙera shi yadda zai iya sauka a tudu ya kuma sauka a ruwa. Idan zai ɗebi ruwa ba ya tsayawa: yakan sauko ya riƙa gudu a kan fuskar tafki, ya buɗe wasu 'yan bakuna biyu da ke ƙarƙashinsa, ƙarfin gudun ya tura ruwa cikin tankunansa. Cikin daƙiƙa 12 yakan kwashi lita dubu shida da 'yan kai. Ga wanda ya saba da lissafin 'yan garuwa, wannan ya kai jarka 240 masu cin lita 25, ko duro talatin. Yana buƙatar miƙaƙƙen ruwa da ya haura kilomita ɗaya, wanda babu kututture ko kwalekwale a cikinsa, don ya sauko, ya sha, ya tashi lafiya.

Duro talatin abu ne mai yawa a tsakar gida. A gaban wutar da bakinta ya kai kilomita biyu ko uku kuwa, bai fi a watsa wa murhu ruwan kofi ba. Su kansu masu wannan sana'a ba sa ɓoye hakan. Aikin jirgi shi ne ya rage wa wuta kaifi a wani gefe, ya sanyaya ta na ɗan lokaci, don ma'aikatan da ke ƙasa su samu damar matsowa su datse mata hanya. Jan ruwan nan da ake gani wasu jirage na zubarwa ma ba a kan harshen wutar ake nufin ya sauka ba. A gabanta ake shimfiɗa shi, don ciyawar da ya taɓa ta yi wuyar kamawa. Asalinsa sinadarin fosfet ne, ɗan'uwan takin zamani, an sa masa launi ne kawai don matuƙi ya ga inda ya riga ya zuba. Idan babu mutane a ƙasa da za su bi bayan zubin, ruwan zai bushe, wutar ta zagaye ta ci gaba da tafiyarta.

Su waɗannan mutanen ƙasa, kayan aikinsu ba zai ba manomin Kibiya mamaki ba. Shahararren makaminsu a Amurka, wanda ake kira Pulaski da sunan wani ma'aikacin gandun daji da ya yi suna a gobarar 1910, gatari ne ta gefe guda, fartanya ta ɗaya gefen. Da shi da shebur da manjagara suke kankare ƙasa har sai ta fito fili babu abin da zai ci, su ja layi a gaban wuta. Aiki ne mai kisa. A ranar 30 ga Yunin 2013, ma'aikata 19 na runduna ɗaya suka mutu a gobarar Yarnell da ke jihar Arizona, lokacin da iska ta juya musu. Na sama ma ba su tsira ba: a Yulin 2023 wani CL-215 na Girka ya faɗi a tsibirin Evia yana cikin aiki, matuƙansa biyu suka rasu. A daren farko na gobarar Los Angeles kuwa, sa'ad da aka fi buƙatar jiragen, dole aka ajiye su saboda ƙarfin iska. Wato ranar da wuta ta fi hauka, ita ce ranar da jirgi ya fi kasa tashi.

Sai maganar kuɗi. Kamfanin De Havilland na Kanada ne yanzu ke ƙera sabon samfurin, DHC-515. A 2024 Girka ta ƙulla cinikin guda bakwai a kan Yuro miliyan 361, har da kayan gyara da horo, kuma ba za ta fara karɓa ba sai bayan shekaru, domin layin masu jira dogo ne. Kowane ɗaya ya tashi a kan fiye da Yuro miliyan 50, abin da ya haura Naira biliyan 70 a canjin 'yan shekarun nan. Ba a sa albashin matuƙa da makanikai ba, ba a sa mai ba, ba a sa kuɗin ajiye shi watanni bakwai ko takwas yana zaune ba.

Wutar da ke cin ƙasar Rano

Ƙasashen da suka zuba irin wannan dukiya suna da dalilinsu. Dazuzzukan bakin Bahar Rum da na yammacin Amurka cike suke da itatuwa masu ɗanko da mai a jiki, a kan tsaunukan da mota ba ta hawa, ga kuma gidajen mutane a cikinsu. Wuta takan hau kan bishiyoyi ta riƙa tsalle daga wannan zuwa waccan, ta yi kwanaki ko makonni tana ci. Haka ta faru a yankin Kabiliya na Aljeriya a Agustan 2021, inda mutum aƙalla 90 suka mutu, cikinsu har da sojojin da aka tura ceto. Bayan wannan musiba ne Aljeriya ta sayi jiragen Beriev daga Rasha. Maƙwabciyarta Maroko ta riga ta, domin tun 2011 ta fara mallakar Canadair. Babu mai ganin laifinsu.

Wutar kudancin Kano dabam take. Wutar ciyawa ce da kara, mai saurin kamawa, mai saurin wucewa. Idan iska na bayanta tana iya fin mutum gudu, amma a kowane wuri ɗaya ba ta daɗewa. Kafin a ce kwabo ta lashe ta yi gaba. Barnar da za ta yi wa manomin Saji, wato tarin dawarsa ko harawar da ya ajiye don ya sayar da bazara, takan gama ta cikin mintuna. A ɗauka ma akwai jirgi a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, a shirye, da matuƙi a ciki. Tafiyar daga can zuwa Rano ba ta da tsawo. Abin da ke da tsawo shi ne kafin labari ya tashi daga gona ya isa ga mai unguwa, daga nan ya isa ga wanda ke da lambar wayar da ta dace, daga nan ya isa ga wanda ke da ikon ba da umarnin a ƙona man miliyoyin Naira saboda gonar talaka. Kafin a gama wannan, toka ta huce.

Sannan wutar ba ɗaya ba ce. Hotunan tauraron ɗan'adam sun daɗe suna nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na duk ƙasar da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka take, kuma mafi yawanta ƙananan wutace ne barkatai waɗanda mutane suka kunna da hannunsu don wata buƙata. A kudancin Kano an san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai yaran da ke bin gafiya da zomo, su cinna wa ciyawa wuta su tsaya a ɗaya gefen da sanduna da karnuka. Akwai mai cin zuma da ya jefar da bakin wutarsa bayan ya gama. Akwai mai gawayi da ya bar raminsa bai mutu ba. Akwai makiyayin da ya ƙona tsohuwar ciyawa a fadama don sabon toho ya fito wa shanu, da manomin da ke share gona, da manomin shinkafar da ke gaggawar kawar da tattaka don ya shiga noman rani. Akwai kuma wadda ba a cika son faɗa a fili ba: manomin da ya gwammace ya ƙona karansa da ya bar shanun wani su shigo masa gona, da wanda ke cinna wuta don ramuwar gayya. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan wutace tana da mai ita da dalilinta, kuma babu wadda ruwa daga sama zai hana a sake kunnawa gobe.

Lokacin wutar ma ya zo daidai da lokacin hazo. Duk mai tafiya ta jirgi daga Kano ya san yadda ƙurar hunturu ke sa a soke tashi a Disamba da Janairu, alhali jiragen fasinja suna da na'urorin da ke jagorantarsu ko ba a gani. Matuƙin jirgin kashe gobara da idonsa yake aiki. Dole ya sauko ƙasa-ƙasa, tsayin 'yan bishiyoyi kaɗan, ya ga bakin wutar, ya ga duwatsu irin na Rurum, ya ga wayoyin lantarki, cikin hayaƙi da hazo a haɗe.

Game da kasuwanni, maganar gajeriya ce. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a Maris ɗin 2016 a ƙarƙashin rufin kwano ta ci, cikin lunguna. Tan shida na ruwa idan ya faɗo daga sama a kan irin wannan wuri, rufin zai rusa a kan mutane, wutar kuma tana ciki. Abin da kasuwa ke nema shi ne hanyar da motar kwana-kwana za ta shiga, da famfon da ke da ruwa, da wayar lantarkin da ba a yi mata haɗin gambiza ba.

Hujjar masu son jirgi

Adalci ne a ce akwai wuri ɗaya a kudancin Kano da maganar jirgi ke da ƙafa, wato Falgore. Dajin, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa da sunan gandun dajin Kogin Kano kafin daga baya a mai da shi wurin adana namun daji, ya kai faɗin murabba'in kilomita 900 da wani abu, ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Hanyoyin cikinsa kaɗan ne. Ciyawarsa doguwa ce, ta fi ta gonakin Rano nauyi nesa ba kusa ba, don haka wutarsa ta ƙarshen rani tana da zafin da ke kashe ƙananan bishiyoyi. Ga shi kuma tafkin Tiga, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, yana daf da shi ta arewa, da ruwan da ya kusa kubik mita biliyan biyu idan ya cika. Kusancin ruwa da daji irin wannan shi ne abin da masu aikin Canadair ke nema, domin jirgin zai iya kai da komo sau da yawa cikin awa guda. Ƙari a kan haka, Falgore ya yi shekaru yana zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har ta kai rundunar sojan ƙasa ta kafa wurin horo a cikinsa a 2017. Tura matasa da fartanya cikin irin wannan daji ba tare da tsaro ba ganganci ne.

Duk da haka lissafin bai fita ba. Tiga wurin sana'ar masunta ne, da komaye da kwalekwale a ko'ina, kuma ruwansa yakan ja baya da rani saboda ana sakinsa ga gonakin Kadawa da Kura. Kafin jirgi ya sha a cikinsa sai an auna zurfi, an share layi, an hana masunta shiga, an kuma ci gaba da yin haka kowace shekara. Mafi muhimmanci kuma, ko an zuba ruwan a tsakiyar Falgore, wa zai bi bayansa a ƙasa? Matsalar tsaron da ake kafa hujja da ita don a sayi jirgi, ita ce kuma za ta sa zubin jirgin ya tashi a banza. Idan har wata rana aka ga lallai sai an taimaka daga sama, hanya mai sauƙi tana nan: babban guga na roba da ake rataya wa jirgi mai saukar ungulu, ya tsoma a Tiga ko a Ruwan Kanya. Jiragen da gwamnati ta riga ta mallaka za su iya ɗaukarsa idan an horar da matuƙan, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na Canadair ba.

Wuta da wuri, wuta a makare

Akwai wani ilimi da ya girmi duk waɗannan jirage, kuma a Afirka ta Yamma aka tabbatar da shi. A 1936 wani masanin gandun daji Bafaranshe, André Aubréville, ya ware filaye uku a Kokondekro kusa da Buwake a ƙasar Kwaddibuwa. Ɗaya aka hana wuta shigarsa sam. Ɗaya ana ƙona shi a farkon rani kowace shekara. Na ukun ana ƙona shi a ƙarshen rani. Aka ci gaba da haka shekaru gommai. Filin da aka tsare ya koma kurmi. Wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe bishiyoyinsa. Wanda ake ƙonawa a makare kuwa ya kusa komawa ciyawa zalla. An yi makamancin wannan gwaji a gandun dajin Olokemeji da ke kudu maso yammacin Nijeriya tun 1929, sakamakon kuma bai saɓa ba. Waɗancan wurare sun fi Kano ruwan sama, don haka watannin ba za su zo ɗaya ba, amma dalilin ɗaya ne. A farkon kaka ciyawa tana da sauran danshi, raɓa na sauka da dare, wuta takan ci tsalli-tsalli ta mutu da kanta, ta bar tabo-tabon da babu makamashi. Idan aka bar ciyawar har Fabrairu ko Maris, wuta ɗaya za ta share komai, ta dafa 'ya'yan kaɗanya da ɗorawa da marke da ke ƙoƙarin tasowa.

Ƙasar da ta fi cin moriyar wannan ilimi a yau ita ce Ostireliya. A yankin Arnhem da ke arewacinta, tun 2006 'yan asalin ƙasar suka koma ga al'adar kakanninsu ta ƙona daji da wuri, bisa yarjejeniyar da ake biyansu saboda hayaƙin da suka rage. Abin sha'awa, suna amfani da jirage masu saukar ungulu, amma abin da jiragen ke sakowa ƙananan ƙwayoyin kunna wuta ne, a farkon rani, a wuraren da aka zaɓa.

A nan ne dokar Nijeriya ta bar giɓi. Ƙa'idojin da aka fitar a 2011 ƙarƙashin hukumar NESREA sun hana cinna wa daji wuta ba da izini ba. Niyyar mai kyau ce. Sai dai mutumin Saji bai san ofishin da zai je neman izinin ba, jami'in da zai kama mai laifi kuma ba ya nan. Abin da ake samu a ƙarshe shi ne kowa ya ci gaba da ƙonawa a ɓoye, shi kaɗai, a lokacin da ya ga dama, ya gudu idan ta fi ƙarfinsa. Sanarwar da ake yi a rediyo kowace shekara cewa a daina ƙona daji kwata-kwata ba ta bambanta wutar Nuwamba da ta Maris, alhali tsakaninsu akwai tazarar da ke tsakanin magani da guba. Dagacin da zai tara manoma da sarkin baka da arɗo su tsayar da rana, su ƙona gefen burtali tare da yamma lokacin da iska ta kwanta, ya fi wanda zai karanta musu takardar hani amfani.

Abin da maƙwabta ke yi

Ba sai an je Ostireliya ba. A Jamhuriyar Nijar, inda ciyawar makiyaya ita ce dukiyar ƙasa, da zarar damina ta ɗauke ake fita aikin buɗe hanyoyin tare wuta a yankunan kiwo irin su Bermo da Dakoro a jihar Maraɗi da Abalak a jihar Tawa. Hanya ce mai faɗin mita goma sha biyar zuwa ashirin, a kankare ciyawarta tas, a ja ta kilomita bayan kilomita a gicciye da inda iska ke fitowa, yadda wutar da ta taso za ta iso ta rasa abin ci. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji ne ke biyan mutanen ƙauyuka da rugage kuɗin aikin, a lokacin da matasa suka saba tafiya cin rani. Ciyawar da aka kwashe kuma ba a zubarwa; ana tara ta a ajiye ko a sayar da bazara. Hanyoyin ba sa hana kowace wuta, domin iska mai ƙarfi na iya tsallakar da tartsatsi, kuma dole a sake share su kowace shekara. Amma suna yanka daji gida-gida, su ba masu kashewa wurin tsayawa.

Afirka ta Kudu ta ɗauki wannan tunani ta mai da shi aikin gwamnati. Shirinta na Working on Fire, wanda aka fara a 2003, yana ɗaukar matasa marasa aikin yi, maza da mata, kimanin 5,000, ya horar da su, ya zaunar da su a sansanoni kusa da inda wuta ke tashi. Suna da jirage, har da ƙananan jiragen feshin gona da aka mayar na ɗaukar ruwa lita dubu uku. Sai dai jiragen a bayan rundunar suke, kuma mafi yawan kwanakin shekara matasan suna share hanyoyin wuta ne da ƙona ciyawa bisa tsari. Babban makaminsu sanda ce da aka ɗaura wa faffaɗar roba a baki, a riƙa dannan wuta da ita. Duk maƙerin Rano zai iya haɗa ta da tsohuwar taya.

Idan aka dawo Saji, kusan duk abin da ake buƙata yana nan a warwatse. Akwai al'adar aikin gayya. Akwai 'yan sintiri da mafarauta da suka san daji kamar tafin hannunsu, waɗanda kuma su ne suka san masu kunna wutar. Akwai famfon feshi na goyo a kusan kowane gida, wanda idan aka wanke shi tas daga maganin ciyawa zai yi aikin kashe bakin wuta fiye da ɗanyen reshen darbejiya. Akwai babura masu ƙafa uku da za su ɗauki duro biyu su shiga inda motar kwana-kwana ba za ta shiga ba. Akwai garmar shanu da za ta ja kunya uku ko huɗu kewaye da tarin amfanin gona cikin safiya ɗaya. Har hoton tauraron ɗan'adam akwai: hukumar NASA ta Amurka tana wallafa wuraren da wuta ke ci a duniya kyauta a shafinta na FIRMS, 'yan awanni bayan tauraron ya wuce. Bai isa a kashe wuta da shi ba, amma ya isa malamin daji a sakatariyar Rano ya gane, cikin shekara biyu ko uku, waɗanne wurare ne ke ci kullum, a wane mako.

Abin da babu shi ne horo, da albashi, da wanda za a tambaya idan ba a yi ba. Horon ba ƙaramin abu ba ne, domin jarumta kaɗai kashe mutane take yi a gaban wuta. Dole mai kashewa ya san ba a tarar wutar ciyawa ta gaba, ta gefe ake binta daga inda ta riga ta cinye; ya san tana ƙara gudu idan tana hawan tudu; ya san inda zai fake kafin ya fara aiki. A gobarar Mann Gulch ta 1949 a jihar Montana, mutum 13 suka mutu suna gudu a kan gangaren ciyawa wuta na binsu, shugabansu Wagner Dodge kuwa ya tsira ne saboda ya ƙona ciyawar da ke gabansa ya kwanta a cikin tokar. Tsofaffin mafarauta da makiyaya a ƙasar Hausa sun san wannan dabara. Yaran da ke rugawa da ganye a hannu da silifa a ƙafa yawancinsu ba su sani ba.

Kuɗin ma akwai inda za a nema. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai Dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, an kafa shi ne don gyara ƙasar da ta lalace, kuma Kano na ciki. Ana dasa itatuwa a ƙarƙashinsa da ƙarƙashin wasu shirye-shiryen makamantansa. Duk dashen da ba a kewaye shi da hanyar tare wuta ba, ba a kuma ɗauki mai share ta kowace kaka ba, an dasa shi ne don wutar Fabrairu. Kamata ya yi kowace kwangilar dashe a Rano da Kibiya da Tudun Wada ta zo da kasafin wannan aiki na shekara biyar, a biya mutanen mazaɓar da dashen yake, a kuma riƙe wani kaso sai an ga bishiyoyin sun tsallake rani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin na Oktoba ne da farkon Nuwamba, lokacin da ƙasa ke da sauran laushin da garma za ta shiga, ciyawa kuma ba ta gama bushewa ba. Wannan ne kuma lokacin da hannun kowa ke cikin girbi, shi ya sa gayya kaɗai ba za ta ɗauke shi ba, sai an biya. Runduna ta mutum ashirin a kowace mazaɓa, a mazaɓu goma na Rano da goma na Kibiya, mutum ɗari huɗu ke nan, na wata huɗu a shekara. Majalisun ƙananan hukumomin biyu za su iya sa wannan a kasafinsu na baɗi, su fara da Saji da Rurum, inda gonaki suka haɗu da daji.